Tambayoyi da Amsoshi Kan Bambancin Nau'o'in Lens na Kyamara

Mai sayen kyamara a karon farko yakan ɓata lokacinsa wajen ƙirga megafiksel, sai daga baya ya gane cewa gilashin da ke gaban kyamarar ne ke yanke yawancin hukunci: abin da zai shiga hoto, abin da zai fito fes, da kuma inda mai ɗaukar hoton zai tsaya. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan gilashi, wato lens.

Lambar da ake rubutawa a jikin lens, irin 24mm ko 200mm, me take nufi?

Ba tsawon bututun da kake riƙewa ba ce, don haka kada ka ɗauko ma'auni ka gwada. Tazara ce ta cikin gida, daga wurin da lens ke tattara haske zuwa kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoton, a lokacin da aka saita shi kan abu mai nisa sosai. Abin da ya shafe ka shi ne sakamakonta. Ƙaramar lamba na kwaso wuri mai faɗi, babbar lamba kuma na matse wurin ta jawo na nesa kusa.

A kan cikakkiyar sensa mai girman milimita 36 da 24, wadda ta gaji girmanta daga fim ɗin 35mm na da, lens na 24mm na ganin kusan digiri 84 daga kusurwa zuwa kusurwa. Na 35mm na ganin 63, na 50mm kusan 47, na 200mm kuwa 12 kacal. Daga nan aka raba su gida-gida. Abin da ya yi ƙasa da 24mm mai faɗi ne ƙwarai. Daga 24 zuwa 35, mai faɗi. Kewayen 50 matsakaici ne. Daga 70 zuwa sama telefoto ne, mai jawo nesa, kuma idan aka haura 300 an shiga fagen masu ɗaukar tsuntsaye, namun daji da wasan ƙwallo.

To bambancin mai faɗi da mai jawo nesa bai wuce girman abu a cikin hoto ba ke nan?

Nan ne aka fi samun ruɗani, kuma amsar tana da ban mamaki: idan ba ka motsa daga inda kake tsaye ba, eh, iyakar bambancin ke nan. Ɗauki hoto da 24mm, ka sake ɗauka da 200mm daga wuri guda, sannan ka yanko tsakiyar hoton farko ka faɗaɗa shi. Za ka ga yadda bishiyar gaba ta zauna da ginin da ke bayanta bai canja ba ko kaɗan. Hoton zai dai rasa kaifi saboda yankan da aka yi masa.

Abin da ke canja siffa shi ne ƙafarka. Da lens mai faɗi, kafin fuskar mutum ta cika hoto sai ka matso har kusan rabin mita. A ce tsakanin ƙarshen hancinsa da kunnuwansa akwai santimita 10. Daga rabin mita, wannan tazarar kashi ɗaya ce cikin biyar na nisan da ke tsakaninku, shi ya sa hancin ke fitowa ɓarƙeƙe, kunnuwa su shige baya, goshi ya yi tudu. Koma mita uku ka jawo fuskar da 105mm, santimita 10 ɗin nan ta zama kashi ɗaya cikin talatin, sai komai ya zauna daidai yadda ido ya saba gani. Mutane sukan ce lens mai faɗi na ɓata fuska, alhali matsowar da ya tilasta maka ce ta ɓata ta.

Haka ma abin da ake cewa telefoto na haɗe gaba da baya, dutsen da ke can nesa ya yi kamar yana daf da bayan mutum. Nisan da ka ja da baya ne ya haifar da hakan. Saboda haka duk lokacin da ka zaɓi lens, wurin tsayuwa ka zaɓa.

Me ya sa 50mm a kyamarata ya fi matse wuri fiye da 50mm a kyamarar wani?

Sensarku ce ba ɗaya ba. Lens na zuba hotonsa a da'ira, sensa kuma na ɗiban abin da girmanta ya ba ta dama. Kamar mutum biyu ne a ɗaki ɗaya suna kallon fili guda, ɗaya ta babbar taga, ɗaya ta ƙarama.

Yawancin kyamarorin masu farawa na da sensar APS-C, wadda ba ta kai cikakkiyar sensa girma ba. A Nikon, Sony da Fujifilm ana ninka lambar lens da 1.5 don a san kwatankwacinta a cikakkiyar sensa, a Canon kuma da 1.6. Kyamarorin Micro Four Thirds na Panasonic da OM System, wanda a da aka sani da Olympus, ninki biyu ne cif. Ke nan 50mm zai yi aikin 75mm a kan APS-C na Nikon, 80mm a na Canon, 100mm a Micro Four Thirds. Mai son matsakaicin gani a APS-C, 35mm ya kamata ya nema.

Wannan riba ce ga mai bin tsuntsaye, domin 300mm ɗinsa na ba shi ganin 450mm ba tare da ƙarin nauyi ba. Ga mai ɗaukar cikin ɗaki kuwa asara ce, don 24mm ɗinsa ya daina zama mai faɗi na a zo a gani.

Mene ne f/1.8, f/4 da ire-irensu?

A cikin lens akwai ƙofar haske da aka yi da siraran fallayen ƙarfe, tana buɗewa tana tsukewa. Lambar f ita ce tsawon lens da aka raba da faɗin wannan ƙofa kamar yadda ake ganinta ta gaba. Lens na 50mm a f/2, ƙofarsa milimita 25 ce. A f/8 ta koma 6 da ɗoriya. Shi ya sa lissafin ke tafiya a juye: ƙaramar lamba, babbar ƙofa.

Jerin da aka saba shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22, kuma kowane mataki na rage hasken zuwa rabi. Lambar da aka buga a jikin lens ita ce iyakar buɗewar da zai iya.

Abu biyu babbar ƙofa ke ba ka. Na farko, aiki a wuri mai ƙarancin haske ba tare da filasha ba. Na biyu, bayan hoto ya narke ya yi dishi-dishi, abin da ka saita a kai ya fito shi kaɗai. Amma ba kullum wannan ke zama alheri ba. A f/1.4 kusa da fuska, ido ɗaya na iya fitowa tar, ɗayan ya dushe. Idan mutum biyar ne a layi biyu, sai ka tsuke zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na baya su tafi a hazo. Tsukewa da yawa ma na da nata laifin: daga f/16 zuwa f/22 haske na bazuwa a gefen ƙaramar ƙofar, hoton gaba ɗaya ya ɗan yi laushi. Yawancin lens sun fi kaifi mataki biyu ko uku ƙasa da iyakar buɗewarsu.

Kafaffen lens ko mai zum, wanne ya fi?

Kafaffe tsawo ɗaya gare shi, 35mm ko 85mm, ba ya gaba ba ya baya. Mai zum kuwa ana murɗa shi daga wata lamba zuwa wata, kamar 24-70mm ko 70-200mm.

Shekarun baya amsar a fili take, don zum na farko-farko ba sa kama ƙafar kafaffu a kaifi. Yanzu wannan tazara ta ragu sosai, manyan zum na ƙwararru ba su da abin kunya. Abin da ya rage wa kafaffe shi ne haske da rashin nauyi. Ƙaramin 50mm f/1.8 sau da yawa bai kai gram 200 ba, kuma yana cikin mafi arha a jerin kowane kamfani, amma hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na zum ɗin da ke tsaye a f/5.6. Shi kuwa 70-200mm f/2.8 yana tsakanin kilo ɗaya da kilo ɗaya da rabi, kuma wuyanka zai ba ka labari bayan yini guda.

Zum na cin nasa kasuwar a inda ba ka da ikon motsawa ko lokacin canja lens: taro, filin wasa, aikin jarida, tafiya. Ga kuma ƙura, wadda ke samun hanyar shiga sensa duk lokacin da aka buɗe bakin kyamara. A ganina mai koyo ya fi amfana da kafaffe guda ɗaya na 'yan watanni, domin yana sa shi tafiya da ƙafarsa ya nemi wurin tsayuwa, maimakon ya kafe wuri guda yana murɗa zobe. Amma wanda aka ɗauka aikin taro ya zo da kafaffe ɗaya tak, ya ɗauko wa kansa wahala.

Lens ɗin da ya zo da kyamarata an rubuta 18-55mm f/3.5-5.6. Me ya kawo lambar f biyu?

Iyakar buɗewarsa na raguwa yayin da kake zum. A 18mm yana kaiwa f/3.5, kafin ka isa 55mm ya koma f/5.6. Da haka ake samun lens ƙarami mai sauƙin kuɗi. Zum mai lamba ɗaya, kamar f/2.8 ko f/4 daga farko har ƙarshe, yana buƙatar gilasai manya, shi ya sa ya fi nauyi da tsada. Masu bidiyo sun fi kowa son sa, don haske ba ya sauya musu a tsakiyar ɗauka.

Kada dai a raina wannan ɗan lens. Da rana a waje, a f/8, yana fitar da hoton da ba kowa zai bambance shi da na mai tsada ba. Da yamma ko a cikin ɗaki ne asirinsa ke tonuwa.

Idan an ce zum ninki goma, yana nufin ya fi jawo nesa?

A'a. Babbar lambar aka raba da ƙaramar, shi ke nan. Lens na 18-55mm ninki uku ne, na 70-200mm bai ma cika uku ba, amma ya fi shi jawo nesa nesa ba kusa ba. Kafaffen 600mm ba shi da ninki ko ɗaya. Lambar milimita ta ƙarshe za ka duba. Su kuma zum masu dogon zango irin 18-300mm, sauƙin ɗauka suke sayar maka, ka biya da ƙarancin haske da laushin hoto a can ƙarshen.

Wanne ya dace da hoton fuska?

A cikakkiyar sensa, tsakanin 85mm da 135mm. A APS-C, 50mm ko 56mm na yin wannan aiki. Idan kana son a ga mutum tare da wurin aikinsa, makaniki da injinsa ko malami da allonsa, 35mm ya fi, muddin ba ka kai fuskarsa can gefen hoto ba, inda lens mai faɗi ke jan abubuwa yana miƙe su.

Lens na makro fa, me ya raba shi da telefoto?

Telefoto na jawo abin da ke nesa, makro kuma na ba ka damar matsowa kusa da ƙaramin abu har ya saitu. Kowane lens na da iyakar kusancin da zai iya saiti a kai, in ka wuce ta sai injin saitin da ke cikinsa ya yi ta kai da komowa bai kama komai ba. Makro na gaskiya na kaiwa 1:1, wato abu na sauka a kan sensa da ainihin girmansa. Ƙwaro mai tsawon milimita 36 zai cika cikakkiyar sensa daga gefe zuwa gefe, ka ga gashin ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya.

Wahalarsa ita ce a wannan kusancin, ko a f/8 abin da ke fitowa fes bai wuce kaurin milimita ɗaya ba. Numfashinka kaɗai ya isa ya gusar da saitin, don haka ake ɗora kyamarar kan ƙafa uku. Masu ɗaukar ƙwari sun fi son na 90mm zuwa 105mm, saboda yana barin tazara tsakaninsu da abin, ba su kore shi ba, inuwarsu ba ta rufe shi ba. A lura, wasu zum na ɗauke da sunan makro a jikinsu alhali 1:3 ko 1:4 suke kaiwa.

Akwai wasu nau'o'in na daban?

Akwai mai idon kifi, wanda ke kwaso har digiri 180 ya lanƙwasa duk wani miƙaƙƙen layi da bai bi ta tsakiya ba. Yana da daɗin wasa, yana kuma saurin gundura. Akwai wanda gabansa ke zamewa sama ko gefe, ya kuma karkata. Masu ɗaukar gine-gine ke amfani da shi, domin idan ka ɗaga kyamara sama don ka kamo dogon bene, bangwayen sai su yi kamar za su haɗe a sama. Da wannan lens kyamara na tsayawa a miƙe, gilashin ne ke hawa, bango ya tsaya cak. Da hannu ake saita shi.

Zan iya ɗaura kowane lens a kowace kyamara?

Ba ka iyawa. Kowane kamfani da irin bakinsa, wato wurin da lens ke shiga jikin kyamara, wani ma baki biyu ko uku gare shi. Nikon ta fito da bakin F a 1959, Canon ta kawo EF a 1987. Da kyamarori marasa madubi suka shigo, sai aka sake sabon lale: Micro Four Thirds a 2008, Sony E a 2010, Fujifilm X a 2012, sannan Canon RF da Nikon Z duk a 2018. A shekarar ce kuma Leica, Panasonic da Sigma suka haɗa kai kan bakin L.

Abin da ke yanke hukuncin adafta, wato zoben da ke haɗa lens da bakin da ba nasa ba, shi ne tazarar baki da sensa. A DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki, dole a bar wa madubin wurin juyawa, don haka tazarar EF milimita 44 ce, ta F kuma 46.5. Marasa madubi ba su da wannan larura: RF 20, Sony E 18, Z 16. Saboda haka tsohon lens na DSLR na hawa kyamara marar madubi da adaftar da ke cike gurbin, amma sabon lens ba ya komawa kan DSLR, don babu yadda za a yi a matso da shi ciki.

Sai batun girman da'ira. Lens da aka yi don APS-C, irin EF-S da RF-S na Canon, DX na Nikon, DC na Sigma, ba ya rufe cikakkiyar sensa. A Nikon da Sony zai hau, sai kyamarar ta yanke gefe, megafiksel 24 ya koma wajen 10. EF-S kuwa ba ya ma shiga bakin cikakkiyar DSLR ta Canon. Idan za ka sayi na Sigma ko Tamron, ka tabbata na bakin kyamararka ne, domin lens iri ɗaya suke fitarwa da baki daban-daban.

IS, VR, OSS, VC, OS, duk mene ne?

Abu ɗaya ne da sunaye biyar: na Canon, Nikon, Sony, Tamron da Sigma a jere. Wani gilashi ne a ciki da ke motsi don ya soke rawar hannunka. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe don haske ya isa sensa, kada ya gaza ɗaya bisa tsawon lens, wato 1/200 na daƙiƙa ga 200mm. Wannan na'ura na ba ka damar sauka ƙasa da haka da matakai da dama. Rawar hannunka kawai take gyarawa. Yaron da ke gudu zai fito a shafe ko da wane irin lens ne, sai dai ka ƙara saurin shota, kuma nan babbar ƙofar haske ce za ta cece ka. Kyamarori da yawa yanzu sensarsu ce ke yin wannan motsi, ka duba taka kafin ka biya kuɗin abu sau biyu.

Gilashin ƙarin tsawo da ake sawa tsakanin lens da kyamara yana da amfani?

Yana da shi, da sharaɗi. Mai ninki 1.4 na cin mataki ɗaya na haske, mai ninki biyu na cin biyu, 200mm f/2.8 ya koma 400mm f/5.6. Ba kowane lens yake hawa ba.

Lens biyu lambobinsu ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya a kuɗi da nauyi. Ina bambancin?

A cikin bututun. Lens ba gilashi ɗaya ba ne, jeri ne da kan kai goma zuwa ashirin, kowanne na gyara kuskuren ɗan'uwansa. Launukan haske ba sa lanƙwasa daidai da juna idan sun ratsa gilashi, shi ya sa kake ganin siririn layi shuɗi ko ja-ja a gefen reshen bishiya idan sararin sama mai haske na bayansa. Ana magance wannan da gilashi na musamman mai tsada. Akwai shafen da ake yi wa fuskar kowane gilashi don hana haske komawa baya, fasahar da Alexander Smakula ya samar a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935. Ingancin shafen ne ke nuna ko hotonka zai wanke ya yi fari idan ka fuskanci rana. Sai injin saiti mai sauri marar ƙara, robar da ke tare ƙura da yayyafi, da kaifin da ya kai har kusurwoyi tun a buɗe. Idan hotunanka a waya za a kalle su, rabin waɗannan ba wanda zai lura da su.

Me ya sa wayoyi ke da kyamara uku ko huɗu a baya?

Domin jikin waya ya yi siriri da yawa ga zum na sosai, sai aka jera kafaffu. Babbar kyamarar kan yi daidai da 24mm zuwa 26mm, mai faɗin kusan 13mm, sai telefoto. A wasu wayoyin ana kwantar da telefoton a cikin jiki, a karya haske zuwa gare shi da gilashi mai kusurwa. Duk abin da ke tsakanin waɗannan lambobi yanka ne da faɗaɗawa. Dishi-dishin bayan hoton fuska ma galibi manhaja ce ke zana shi, ka duba gefen gashi ko ƙafar tabarau za ka kama ta.

Lens na fim daban yake da na hoto?

Gilashin kusan ɗaya ne, jikin ne ya bambanta. Na fim na da haƙora a zobensa don na'urar juya saiti, zoben na da doguwar tafiya, ƙofar haske na buɗewa sumul ba tsalle-tsalle. Maimakon f ana rubuta T, wadda ke auna hasken da ya ratsa da gaske, don idan an canja lens a tsakiyar fitowa haske ya zauna daidai.

Me zan duba idan zan sayi na hannu?

Cire murfin gaba da na baya, ka haska tocila ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kusan kowane lens na da ita. Abin gudu shi ne zare-zare fari mai kama da saƙar gizo, wato fumfuna, wadda danshi ke haifarwa kuma tana cin shafen gilashi. Hazo a ciki ma matsala ne. Duba fallayen ƙofar haske, kada a ga maiƙo a kansu, su kuma tsuke su buɗe da sauri. Murɗa zobba ka ji ko akwai inda suke cijewa. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Daga nan ka ɗaura shi a kyamararka, ka ɗauki bango mai rubutu a buɗe, ka gwada kusurwoyi huɗun. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya laushi, wataƙila ya taɓa faɗuwa.

Ina da na 18-55mm kawai. Wanne zan ƙara?

Buɗe hotunanka na baya a kwamfuta, kowanne na ɗauke da bayanin milimitar da aka ɗauke shi da ita. Idan yawancinsu a 55mm suke kuma kullum kana yanka, telefoto irin 55-200mm ko 70-300mm kake buƙata. Idan a 18mm suke kuma bango na tare maka baya, nemi 10-18mm ko 10-20mm. Idan kuwa tsawon ya ishe ka, duhu ne ke ɓata maka hoto, ko bayan hoto ya ƙi narkewa, to kafaffen 35mm ko 50mm f/1.8 ne maganin. Kafin ka zaɓa tsakanin biyun, tsayar da zum ɗinka a 35 ka yi mako guda ba ka taɓa zoben ba, sannan ka maimaita a 50.